Osibisa da Birnin Kumasi: Nazarin Gadon Ƙungiyar Makaɗa daga Mahangar Zango

1.0 Gabatarwa

A ranar 14 ga Janairu 2025 Teddy Osei ya rasu a birnin Landan. Shi ne na ƙarshe daga cikin 'yan Gana uku da suka kafa ƙungiyar makaɗa ta Osibisa a shekarar 1969. Ƙaninsa Mac Tontoh ya riga shi tun 2010, abokinsu Sol Amarfio kuma ya rasu a 2022. Teddy da Mac haifaffun Kumasi ne, a can kuma suka fara yin suna. Amma ƙungiyar da ta kai sunansu duniya a Landan aka haife ta, a can ta girma.

Wannan takarda za ta duba dangantakar Osibisa da birnin da ya haifi jagororinta. Tambayar da za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: me birni ke bai wa makaɗansa, kuma me suke bar masa in sun tafi? An zaɓi a leƙa lamarin daga unguwannin Zango, wato wuraren da Hausawa da sauran baƙi Musulmi suka zauna a Kumasi. Wajibi ne a faɗa tun da wuri cewa Osibisa ba ƙungiyar Hausawa ba ce, kuma 'yan Kumasin da ke cikinta Asantawa ne. Dalilin zaɓen Zango shi ne, tarihin ƙungiyar tarihi ne na baƙunci, kuma ba wanda ya san daɗin baƙunci da ɗacinsa a Kumasi kamar ɗan Zango.

2.0 Kumasi da Zangonta

Kalmar zango a Hausa tana nufin wurin da ayari ke yada kaya ya kwana kafin ya ci gaba da tafiya. Ana kuma amfani da ita wajen auna nisa, a ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne. A Gana, inda ake rubuta ta Zongo, ma'anarta ta faɗaɗa ta zama unguwar baƙi ta dindindin. Wurin da aka sauka don kwana ɗaya ya zama wurin da aka haifi 'ya'ya da jikoki.

Goro ne ya fara haɗa Hausawa da Asantawa, waɗanda fatake ke kira Tonawa. Littafin Mahdi Adamu na 1978 kan rawar Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, da na Paul Lovejoy na 1980 kan ayarin goro, sun bayyana yadda fatake daga Kano da Katsina ke ɗaukar tufafi da kanwa da fatu zuwa Gwanja, su sayo goro a kasuwar Salaga. Turawan Ingila biyu da suka ziyarci Kumasi, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da malamai Musulmi a kusa da fadar Asantehene suna yi masa rubutu da addu'a. Duk da haka, a mafi yawan ƙarni na 19 sarakunan Asante sun fi son a tsayar da fataken arewa a kasuwannin kan iyaka.

Abubuwa uku suka sauya wannan tsari. Na farko, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fatake zuwa Kete-Krachi da Kintampo da wasu garuruwa. Na biyu, Turawa sun mamaye Kumasi a 1896 suka kama Asantehene Prempeh na ɗaya, sannan suka murƙushe boren Yaa Asantewaa a 1900, ƙofar birnin ta buɗe wa baƙi. Na uku, jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, noman koko kuma ya bunƙasa, ya jawo 'yan ƙwadago daga arewa. Cikin 'yan shekaru Zango ya cika da Hausawa da Mosawa da Dagwambawa da Wangarawa da Zabarmawa da Fulani da Yarbawa. Kowace ƙabila da sarkinta, amma Hausa ce harshen kasuwa da masallaci da tsakar gida. Unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Akwatia Line duk reshen wannan tarihi ne. Enid Schildkrout ta yi cikakken nazarin wannan al'umma a littafinta na 1978, inda ta nuna yadda jikokin baƙi suka wayi gari suna ɗaukar kansu 'yan Zango kafin komai.

3.0 Sautukan da Birnin ya Tara

A wannan birni aka haifi Teddy Osei a shekarun 1930, aka haifi Mac Tontoh a 1940. Yaron da ya tashi a Kumasi a wancan zamani kunnensa na shan kiɗa iri huɗu aƙalla.

Akwai kiɗan fada, wato manyan gangunan fontomfrom da kete da tagwayen atumpan masu kwaikwayon maganar Tuwi, waɗanda ake kaɗawa a Manhyia da wuraren jana'iza. Akwai badujalar soja. Sansanin sojan da ke tsakiyar gari, wanda yanzu gidan tarihin soja ne, mazauni ne na rundunar da asalinta ke komawa ga dakarun Hausawa da Kyaftin Glover ya tara a Legas a 1863, kuma Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki. A irin waɗannan rundunoni da na 'yan sanda da makarantun mishan ne matasa da yawa na Afirka ta Yamma suka fara riƙe ƙahon Bature. Akwai kuma kiɗan Zango: kalangu da goge a wajen biki da suna, gangunan Dagwambawa, da begen Annabi a daren Mauludi. Na huɗu shi ne hailaif, kiɗan zamani da ya taso daga garuruwan Fante da Ga na bakin teku, ya biyo jirgin ƙasa ya shigo ciki.

Waɗannan sautuka ba su zauna kowa a ɗakinsa ba. Misali mafi bayyana shi ne gangar da Asantawa ke kira donno, wadda ake matsewa a hammata. Ita 'yar'uwar kalangu ce da lungar Dagwambawa, kuma masana kiɗan Akan irin su J. H. Kwabena Nketia sun nuna daga arewa ta shigo. Yau ba wanda ke kallonta a matsayin baƙuwa a taron Asantawa. Haka abin yake a fagen abinci, inda wake ya zama waakye, tuwon zafi ya zama abincin kowa, kokon Hausa ya zama karin kumallon ma'aikata. Birnin ya saba karɓar abin baƙo ya mayar da shi nasa.

Ta fuskar hailaif ma Kumasi tana da tsohon tarihi. A 1928 wasu makaɗa uku ƙarƙashin Kwame Asare, wanda aka fi sani da Jacob Sam, sun je Landan sun ɗauki faifai a kamfanin Zonophone da sunan Kumasi Trio. Cikin waƙoƙinsu har da "Yaa Amponsah", wadda salon jitarta ya zama ginshiƙin hailaif. Ke nan hanyar Kumasi zuwa ɗakin ɗaukar faifai na Landan ta girmi Osibisa da shekara 40.

4.0 Daga Comets zuwa Osibisa

A shekarun 1950, lokacin da E. T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos ke tashe a Akra, Kumasi ma tana da nata ƙungiyoyin rawa. Teddy Osei ya busa saksofon a ƙungiyar Stargazers, inda ya haɗu da Sol Amarfio, makaɗin ganga ɗan ƙabilar Ga. Daga baya Teddy da ƙaninsa suka kafa Comets, waɗanda waƙarsu "Pete Pete" ta yi farin jini a ƙarshen shekarun 1950. Asalinta waƙar yara ce ta Akan, suka ɗora ta a kan kayan busa na zamani. Wannan dabara ta ɗauko abin gida a sa masa sabuwar riga ita ce za su rayu a kanta har ƙarshe.

A 1962 Teddy ya tafi Landan, ya samu tallafin gwamnatin Nkrumah ya yi karatun kiɗa. A 1964 ya kafa ƙungiyar Cat's Paw. Mac kuwa ya zauna a gida yana busa ƙaho a ƙungiyar Uhuru, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin hailaif na lokacin. A 1969 Teddy ya shawo kan Mac da Sol suka haɗu a Landan, aka kafa Osibisa. Sunan yana da alaƙa da osibisaaba, wani tsohon kiɗan Fante da ke cikin tushen hailaif.

Su bakwai ne a faifansu na farko: 'yan Gana uku, da Lasisi Amao daga Nijeriya, da mutum uku daga tsibiran Karibiyan, wato Spartacus R na Girenada, Robert Bailey na Tirinidad da Wendell Richardson na Antiguwa. Sun gauraya gangunan Afirka da busar hailaif da jitar rok da jaz da kiɗan Karibiyan. A 1971 kamfanin MCA ya fitar da faifansu biyu, Osibisa da Woyaya, dukansu ƙarƙashin kulawar Tony Visconti, da zanen giwa mai fiffike na Roger Dean a bango. Duka biyun sun shiga jerin faifan da aka fi saye a Ingila. A 1973 suka yi kiɗan fim ɗin Superfly T.N.T., a shekarar kuma Art Garfunkel na Amurka ya sake rera "Woyaya". "Sunshine Day" da "Dance the Body Music" sun yi kasuwa a 1976. Sun yi wasa a bikin FESTAC na Legas a 1977, da bikin 'yancin Zimbabuwe a 1980, sannan suka zagaya Indiya a farkon shekarun 1980. Sun yi duk wannan tun kafin kamfanonin Turai su ƙirƙiro rukunin da suke kira kiɗan duniya.

Ko a sunayen waƙoƙinsu ana jin ƙamshin gida. "Music for Gong Gong" tana nuni ga ƙarfen da mai shela ke bugawa in sarki na da saƙo, wanda Asantawa ke kira dawuro, kwatankwacin ƙuge a ƙasar Hausa. "Akwaaba" kuwa kalmar Tuwi ce ta yi wa baƙo maraba.

5.0 Shekarar 1969

A nan ne tarihin ƙungiyar da na Zango suka yi kiciɓis. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin mako biyu ko ya bar ƙasar. Mafi yawan mutanen Zango ba su taɓa riƙe irin wannan takarda ba, domin iyayensu sun shigo ne tun lokacin da ba a tambayar kowa fasfo. Haihuwa a Gana kaɗai ba ta isa ta ba mutum 'yancin ɗan ƙasa ba in iyayensa baƙi ne. Fiye da mutum 100,000 suka fita cikin 'yan watanni, akasarinsu 'yan Nijeriya, musamman Yarbawa da Hausawa, tare da mutanen Nijar da Togo da Saman Bolta, wadda yanzu ake kira Burkina Faso. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance. Akwai waɗanda aka mayar garuruwan da ba su taɓa gani ba sai a bakin kakanni.

Wannan ba shi ne karo na farko da Zangon Kumasi ya ɗanɗana kora ba. A 1957, 'yan watanni bayan samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, jagororin Zango biyu da ke goyon bayan 'yan adawa, zuwa Nijeriya. Bambancin shi ne na 1957 ya shafi shugabanni, na 1969 kuwa ya shiga kowane lungu.

A daidai shekarar da Kumasi ke sallamar baƙinta, 'ya'yanta biyu suna Landan a matsayin baƙi, suna haɗa kai da ɗan Nijeriya da jikokin bayin da aka kwashe zuwa Karibiyan. Abin da suka kafa, in aka duba da idon Bahaushe, zango ne: mutane daga ƙasashe biyar sun sauka a garin da ba nasu ba, sun nemi harshe ɗaya da zai haɗa su, suka same shi a kiɗa, kamar yadda Bamoshe da Bazabarme suka same shi a Hausa a Aboabo. Ba a ce mawaƙan sun yi waƙoƙinsu don mayar wa Busia martani ba. Abin lura kawai shi ne, cikin shekara biyu da korar, faifan da ya fi ɗaga sunan Gana a Turai yana ɗauke da waƙa mai suna maraba da baƙo, kuma da hannun ɗan Nijeriya a cikinta.

Ita ma "Woyaya", wadda sunanta a harshen Ga ke nufin muna tafiya, jigonta shi ne matafiya da ba su san inda hanya za ta ƙare ba, amma suna da yaƙinin za su isa. Wanda ya san ma'anar zango ta asali ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan jigo. Bayan shekara 14 ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, domin a 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, kimanin 'yan Gana miliyan ɗaya suka kama hanyar gida. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Tarihin ƙasashen biyu ya nuna kowa na iya wayar gari ya zama raɓa.

6.0 Abin da ya Saura a Gida

Idan ana maganar ƙungiyar makaɗa da birninta, misalin da aka fi kawowa shi ne Beatles da Libaful a Ingila. A can an buɗe gidan tarihin ƙungiyar a 1990, an sa wa filin jirgin sama sunan John Lennon a farkon shekarun 2000, wata jami'a a birnin ta buɗe digiri na biyu kan ƙungiyar a 2009, kuma UNESCO ta ba birnin laƙabin birnin kiɗa a 2015. Wato an mayar da gadon gine-gine da kwasa-kwasai da kuɗin 'yan yawon buɗe ido.

Baƙon da ya je Kumasi kuwa fadar Manhyia ake kai shi, da Cibiyar Al'adu da Alex Kyerematen ya assasa a shekarun 1950, da takobin Okomfo Anokye, da kasuwar Kejetia. Birnin sarauta ne, da sarauta yake tallar kansa. Sunan ɗan zamanin su Teddy da ya hau babban gini shi ne na ɗan ƙwallo Baba Yara na Asante Kotoko, Musulmi haifaffen Kumasi a 1936, wanda ya rasu a 1969, aka sa wa babban filin wasa sunansa a 2004. Wanda ya auna gadon Osibisa da ma'aunin Libaful zai ce ba su bar komai ba. Akwai dalilai uku da suka sa gadon bai zama gini ba.

Na farko, nasarar a waje aka same ta. Kamfanonin Ingila da Amurka ne suka buga faifan, a can ribar ta fi zama, a can kuma mafi yawan masu saye suke. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ko da Mac Tontoh ya komo Gana a shekarun 1990, ya kafa ƙungiyar Kete Warriors don haɗa ƙaho da gangunan Asante, a Akra ya zauna, domin can ne cibiyar rediyo da talbijin da ɗakunan ɗaukar sauti.

Na biyu, ƙasar da ya kamata irin ya tsira a cikinta ta bushe. Tattalin arzikin Gana ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970. Bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 an kafa dokar hana yawon dare da ta ɗauki sama da shekara biyu, kuma aka ɗora haraji mai tsanani kan kayan kiɗan da ake shigowa da su. John Collins, wanda ya fi kowa rubutu kan kiɗan zamani na Gana, ya bayyana yadda wannan ya kashe gidajen rawa. Makaɗa suka watse zuwa Legas da Landan da Hambug ta Jamus, waɗanda suka saura da yawa suka koma coci, inda ake da kayan kiɗa da masu sauraro. Ƙungiya mai mutum bakwai ko goma da kayan busa ta zama abin da ba mai iya ciyarwa.

Na uku, ba su da ubangida a gida. Za a dawo kan wannan a sashe na gaba.

To ina gadon yake? Yana cikin abin da makaɗa suka yarda za su iya. Kafin 1971 matasan Gana da yawa na kwaikwayon mawaƙan Amurka da Ingila baki da baki. Nasarar Osibisa ta nuna musu cewa Bature na biyan kuɗi ya ji gangar gida, sai ga ƙungiyoyi irin su Hedzoleh da Boombaya da Basa-Basa sun taso a kan wannan tafarki. A Kumasi kanta shekarun 1970 sun ga Alhaji K. Frimpong da ƙungiyar Vis-a-Vis suna gauraya hailaif da sababbin salo, kuma waƙarsa "Kyenkyen Bi Adi Mawu" na cikin waɗanda matasa suka yi ta sabuntawa. Da hiflaif ya zo a shekarun 1990, ƙungiyar VIP daga Nima, babban Zangon Akra, ta sa Hausa cikin waƙoƙinta tare da Tuwi, ta kuma lashe manyan kyaututtukan kiɗa na Gana a 2004. A 2020 samarin Kumasi suka fito da salon asakaa, waƙar "Sore" ta Yaw Tog ta yi tashe, har Stormzy, mawaƙin Landan mai tushe a Gana, ya shiga sabon zubinta a 2021. Sautinsu ya yi nisa da na Osibisa, amma hanyar ɗaya ce: a ɗauko salon waje, a cika shi da harshen unguwa, a mayar wa duniya.

Marubucin wannan takarda ya fara sayen faifan Osibisa ne a wani shagon tsofaffin faifai a Ingila lokacin yana ɗalibi, giwa mai fiffike ce ta ja idonsa. Da ya kunna "Woyaya" a wata majalisa a Aboabo bayan wasu shekaru, dattawa suka gane ta nan take, suka shiga ba da labarin rediyon da suka fara jin ta a ciki, daga nan hira ta gangara kan 'yan'uwan da suka tafi a 1969 ba su dawo ba. Samarin wurin sun iya amshinta, amma sun ɗauka waƙar makaranta ce da ba ta da mai ita. Waƙar da ta kai matsayin da za a manta wanda ya yi ta, ta shiga jinin jama'a ke nan.

7.0 Darasi ga Ɗalibin Hausa

A al'adar Hausa, kamar yadda M. G. Smith ya nuna tun 1957 kuma Sa'idu Muhammad Gusau ya faɗaɗa a ayyukansa kan waƙar baka, ƙungiyar makaɗa tana tafiya ne da sunan shugabanta, da 'yan amshi da makaɗa da sanƙira a bayansa. Makaɗin fada yana da ubangida, kuma fada ce ke adana shi. Ba a raba Ibrahim Narambaɗa da fadar Sarkin Gobir na Isa. Da Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan gidan. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai tsaya a fada ɗaya ba, amma iyalan mutanen da ya wasa suna riƙe da waƙoƙinsa tamkar takardar gado. Haka ma gangunan kete suna da Manhyia a bayansu.

Osibisa ƙungiya ce da ba ta ɗauki sunan mutum ɗaya ba, ba ta yabon sarki, kuma kasuwa ce ubangidanta. Kasuwa kuwa ba ta da zuri'a da za ta riƙe amana. Saboda haka mai nazarin irin wannan gado dole ya nemi shaidarsa a wurare dabam da inda ya saba: a bakin dattawa, a akwatin tsofaffin faifai da kaset, a wajen masu kiɗan biki, a waƙoƙin da yara ke rerawa a makaranta.

Wannan ya shafi Zango kai tsaye. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, ya tsira a tarihi domin ya rubuta waƙoƙinsa da Larabci da ajami. Mohammed Naseehu Ali, ɗan Zangon Kumasi, ya sa unguwarsu a adabin duniya da littafinsa na gajerun labarai The Prophet of Zongo Street a 2005. Makaɗan kalangu da goge da zabiyoyin da suka raya bukukuwan Zango shekara ɗari kuwa, a ƙwaƙwalwar tsofaffi kawai akasarinsu suke. Idan ƙungiyar da ta zagaya duniya za ta iya dusashewa a garinsu cikin shekara 50, ina ga makaɗin da bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar faifai ba?

Ɗalibin da zai shiga wannan fage ya kula da abu biyu. Ɗaya, Hausar Gana tana da nata kamanni: sau da yawa ba a bambanta jinsin namiji da na mace, ƙ da ɗ da ɓ sukan koma k da d da b, kuma akwai aron kalmomi daga Tuwi da Ingilishi. A rubuta abin da aka ji yadda aka ji shi, kada a gyara shi zuwa Kananci. Biyu, maganar 1969 da ta asali har yanzu tana da zafi, domin tana taɓa batun wane ne ɗan ƙasa. A nemi izini kafin a ɗauki murya, kuma a ɓoye sunan wanda ya nemi a ɓoye.

8.0 Kammalawa

An ga yadda Kumasi, birnin sarauta da kasuwa da bariki da Zango, ta tara sautukan da suka reni Teddy Osei da Mac Tontoh, da yadda suka kai wannan ɗabi'a ta gauraye Landan a shekarar da ƙasarsu ke korar baƙi. An kuma ga dalilan da suka hana gadonsu zama gini a garinsu, da wuraren da ya ɓuya. Waɗanda suka kafa ƙungiyar daga Gana duk sun rasu. Waɗanda suka yi rawa da kiɗan Comets, da waɗanda suka raka 'yan'uwansu tasha a Disambar 1969, sun haura shekara 70. Aikin ɗaukar maganarsu ba ya jiran gobe.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana yadda ma'anar kalmar zango ta sauya daga zamanin fatauci zuwa yau, ka kawo jimloli uku da ke nuna ma'anoninta dabam-dabam.
2. Kwatanta tsarin ƙungiyar makaɗan fada ta Hausa da tsarin Osibisa ta fuskar shugabanci da hanyar samun abinci da gado.
3. Zaɓi makaɗi ɗaya na garinku da ya rasu, ka yi hira da dattawa biyu da matasa biyu a kansa, ka rubuta shafi uku kan abin da ya saura na aikinsa.